Yadda Muka Fara Sayen Iska

Ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta sanar da cewa 'yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, za su koma biyan naira 225 a kan kowane yunit, maimakon kimanin naira 68 da suka saba. A ranar ce kuma ma'aunin zafi ya kai maki 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Mu a Kano ba mu kai nan ba, amma duk wanda ya yi wannan azumin ya san darajar da ƙanƙara ta yi da la'asar.

Lissafin ba shi da wuya. Esi mai doki ɗaya da rabi, irin tsohon samfurin nan, yana jan wat 1,100 zuwa 1,200. Idan ya kwana yana aiki awa 8 a daren bazara, ya cinye kusan yunit 9, wato sama da naira 2,000 kafin kiran assalatu. A wata kuwa abin ya doshi naira 60,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Ɗaki ɗaya ke nan, ba a zo kan firji da dutsen guga ba. Magidanta da yawa a wannan watan suka fara zuwa gaban mita da dare suna haska ta da fitilar waya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan tsadar ta same mu ne a cikin gidajen da ba sa zaunuwa sai an jona su da wuta. Ba haka gidan Bahaushe yake ba a da.

Wanda ya taso a cikin birni, ko a Zariya ko Katsina ko Damagaram, ya san abin da ake ji idan aka baro rana tsaka aka shiga zauren ƙasa. Katangar tubali ce mai kauri, wani lokaci daga ƙasa ta fi kamu ɗaya, rufin kuma azara ce aka jera aka shimfiɗa zana aka zuba ƙasa a kai, aka bi da makuba ko laso don kada ruwa ya ratsa. Zafin rana kan ɗauki awoyi kafin ya keta irin wannan kaurin. Kafin ya iso ciki, rana ta yi sanyi. Sanyin daren jiya da bango ya sha shi ne yake saki da azahar ɗin yau. A ƙasar da tazarar zafin rana da na dare takan kai maki 15 a lokacin rani, wannan dabara ce da ta dace da wurinta, kuma maginanmu sun san ta sarai tun kafin Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Tagogi ƙanana ne, can sama, don zazzafar iska ta samu hanyar fita ba tare da rana ta samu hanyar shiga ba.

Sai dai kada a yi wa soro ƙarya. Da dare a watan Afrilu yakan amayar da zafin da ya sha, ɗakin ya ƙi kwantuwa. Maganin abin shi ne ba a kwana a cikinsa. Mutanen gida ƙaura suke yi cikin gidansu daga safe zuwa dare: hantsi a rumfa, azahar a zaure ko cikin soro, la'asar a gindin ceɗiya ko darbejiya, dare kuma a tsakar gida. Kafin magariba yara sun yayyafa wa tsakar gidan ruwa, ƙasa ta huce, a baza tabarmi. Samari su hau saman soro ko su kwana a ƙofar gida. Ga randa a lungu mai inuwa, jikinta yana tsatsafo da ruwa, na cikinta yana sanyi. Ga mafici a hannun kowace tsohuwa. Babu wanda ya taɓa tunanin sanyaya gida gaba ɗaya. Mutum ake sanyayawa, a inda yake zaune, a lokacin da yake bukata.

Haka ma da hunturu. Ba a ɗumama gida, ana jin ɗumi ne. A hura wuta a tsakar gida bayan sallar asuba, almajirai su kewaye tasu da kara, tsofaffi kuma a kai musu kaskon garwashi ɗaka. A wasu gidajen akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi. Shi ma ba duka ne alheri ba: likitoci a asibitin Zariya, a shekarun 1970, sun danganta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa da haɗuwar wankan jego mai tsananin zafi, da kwanciya a kan irin wannan gado, da kunun kanwa. Ga kuma yaɓe da sai an yi kowace shekara, ga gara, ga katangar da kan zube idan ruwan Agusta ya yi yawa. Wanda ya taɓa kwana yana tarar yoyo da kwanuka ba zai ga laifin mahaifinsa don ya sayi kwanon rufi ba.

Canjin ya zo ne da kuɗi a hannu. Bayan kuɗin ƙarin albashi na Udoji sun shiga aljihun ma'aikata a tsakiyar shekarun 1970, kuma jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas da siminti a 1975, gidan bulo da kwano ya zama shaidar cewa mutum ya samu. Bulo mai rami a ciki ba ya riƙe sanyi, kwano kuwa da tsakar rana yakan haura maki 60, kuma abin da ke tsakaninsa da kan mutum sau da yawa ba ya wuce siririn silin. Wasu ɗakunan ko silin ɗin babu. Aka faɗaɗa tagogi aka sa gilashi, ba tare da an duba ko gabas suke kallo ko yamma ba. Ɗaki ya koma tanderu, amma ba wanda ya damu, domin ga fanka tana juyawa a sama, mai hali kuma ya huda bango ya cusa esi irin na taga mai rugugi.

Me ya sa ba a damu ba? Domin ba mu san farashin wuta ba. Daga NEPA da aka kafa a 1972, zuwa PHCN a 2005, har zuwa miƙa rarraba wuta ga kamfanoni irin su KEDCO a Nuwamban 2013, yawancin gidaje bil na ƙiyasi ake kawo musu. Ka kunna fanka ɗaya ko ka kunna goma, takardar da za a liƙa maka a ƙofa kusan ɗaya ce. To wa zai kashe ƙwan fitila da rana? Ƙorafinmu kullum a kan rashin wutar yake, ba a kan tsadarta ba. Da wutar ta ƙara taɓarɓarewa, sai ƙaramin janareta mai shan fetur haɗe da baƙin mai ya cike gurbin, domin shi ma fetur ɗin gwamnati ce ke biyan wani kaso na kuɗinsa. Shekara wajen arba'in muna gini a kan zaton cewa makamashi zai ci gaba da zama da araha.

A daidai wannan lokacin ne kuma hanyar tsira ta da ta toshe. Filaye suka tsuke, aka raba gidan gado gida huɗu, tsakar gida ta koma ɗan lungun shanya. Inda ta rage, an malale ta da siminti ko an jera intalok, wanda yakan wuni yana shan rana ya kwana yana mayar da ita. An sare darbejiyar ƙofar gida don a fitar da shago. Kwana a waje kuma ya zama sai mai ƙarfin hali, saboda ɓarayin waya da abin da ya fi su. Nakan ce rashin tsaro yana cikin abubuwan da suka ƙara mana kuɗin wuta, ko da yake ba a rubuta shi a jikin bil: iyalin da a da za su baje a tsakar gida kyauta, yau sun kulle ƙofa da taga suna jiran fanka.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Janareta ya koma ƙarƙashin bene ya yi ƙura. A watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙasar da a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga nan take zuwa, mutanen Yamai da Maraɗi suka ɗanɗana kuɗarsu. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Waɗannan abubuwa, ɗaya bayan ɗaya, su suka canza tambayar da ake yi a shagunan kayan wuta. A da mai saye cewa yake, "Doki nawa ne?" Yanzu sai ka ji dattijo da babbar riga yana cewa, "Yaro, wat nawa take ci? Batir zai kai ta asuba?" Yaron shago kuma ya amsa, "Ai Alhaji, wannan ko faifan sola ɗaya ya ishe ta."

Abin da ya fara cika gidaje shi ne fanka mai caji, daga baya kuma fankar sola wadda ke aiki kai tsaye da wutar batir. Fankar silin ta da tana cin wat 70 zuwa 75, wannan kuwa ba ta cika wuce 30 ba. Ko da wutar Band A ce a farashin Afrilun 2024, kwananta bai kai naira 60 ba, a gefen naira 2,000 na esi. Ba ɗaki take sanyayawa ba, zufar jikin mutum take busarwa, busarwar ce ke kawo sanyi. Shi ya sa barin fanka tana juyawa a ɗakin da babu kowa asara ce zalla. Shi ya sa kuma take gazawa a ranakun da zafi ya haura maki 40, lokacin da mata ke cewa fanka wuta take hurowa. Gaskiyarsu ne: iskar ta fi jikin mutum zafi. Tsohuwar dabara ta jiƙa zane a lulluɓa ita ce ke ceto a nan.

Wannan dabarar ta ruwa ita ce aka sa wa injin aka kawo kasuwa a matsayin fanka mai ruwa, kuma a ganina ita ce na'urar da ta fi dacewa da bazararmu, ita ce kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Aikinta irin na randa ne. Ƙaramin famfo yana jiƙa wani soso mai ramuka, fanka tana jan busasshiyar iska ta cikinsa, ruwan yana ƙafewa yana tafiya da zafin. Lita ɗaya ta ruwa idan ta ƙafe takan janye zafin da ya kai kimanin kashi 2 cikin 3 na yunit guda, alhali na'urar kanta wutar da take ci ba ta fi ta fanka ɗaya ko biyu ba. Da wannan ilimin ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. 'Yan uwanmu mazauna Sudan sun daɗe da sanin manyan irinta da ake girkawa a bango ko a kan rufi, a Yamai ma ba baƙuwa ba ce.

Amma tana da sharuɗɗa, kuma mai shago ba ya faɗa. Sai iska ta bushe take aiki. Daga Maris zuwa farkon Mayu, a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, sai ka ji kamar an buɗe ƙofar firji. Da zarar iskar damina ta fara kaɗowa da danshi, ruwan ba ya ƙafewa, sai ta bar ka da ɗaki mai nauyi da jiki yana danƙo. Sannan ba a rufe mata ɗaki kamar esi. Dole a ajiye ta bakin taga ta ja iskar waje, a bar wata kafa a buɗe danshin ya fita. Mutane da yawa sun kulle ta a ɗaki, bayan awa ɗaya suka ce an cuce su. Ga kuma ruwan da take sha, wanda a unguwar da ake dogaro da 'yan garuwa shi ma kuɗi ne, kuma a bazarar ce jarka take tsada.

Esi bai tafi ba, matsayinsa ne ya canza. A gidaje da yawa yanzu ɗaki guda ake sa wa, a tara yara a ciki a daren da zafi ya yi tsanani, sauran gidan fanka ta riƙe. Sabon samfuri mai infata ba ya tashi da fizga kamar na da, yana rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya mutu ya sake tashi, don haka sola ko ƙaramin janareta kan iya ɗaukarsa. Abin da har yanzu ya ƙi barinmu shi ne ɗabi'ar danna rimot zuwa 16. A tsohon samfuri ba ya sa ɗaki ya yi saurin sanyi ko kaɗan, illa dai ya hana injin hutawa, mutum ya kwana cikin bargo a watan Afrilu yana biyan kuɗin sanyin da yake ɓuya daga gare shi. Indiya ta wajabta wa kamfanoni su riƙa fito da esi a saite kan maki 24 tun daga Janairun 2020, hukumarsu ta tsimin makamashi kuma tana ƙiyasta cewa kowane maki ɗaya da aka ɗaga yana rage cin wuta da kimanin kashi 6 cikin 100. Spain, da gas ya yi tsada a 2022, ta hana ofisoshi da shaguna sauke esi ƙasa da 27. Wanda ya sa nasa a 26 ya haɗa da fanka a hankali zai yi barci lafiya, mita ma ta huta.

Ɓangaren hunturu ya fi ba ni tsoro, ko da yake kwanakinsa kaɗan ne. Hitar ɗaki ta lantarki tana cin wat 1,000 zuwa 2,000, daidai da esi ko fiye, don haka mutane suka koma wa gawayi. Amma ɗakin da kakanninmu ke kai kasko ɗaki ne mai numfashi: asabari a ƙofa, taga ba murfi, iska na shige da fice. Ɗakin yau taga ce ta alminiyam mai zugewa, ƙofar ƙarfe, labule mai kauri. Gawayi a irin wannan ɗaki yana tara iskar guba ta kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan sa mutum barci ne kawai. Irinta ce hayaƙin janareta ke fitarwa idan aka shigo da shi baranda don gudun ɓarawo. Kowace shekara jami'an kashe gobara suna shiga rediyo suna jan kunne a kan wannan, da kuma hitar dafa ruwa da ake mantawa a bokiti a ɗauke wuta a dawo da ita ba kowa a gida. An ɗauko tsohuwar dabara an kai ta ɗakin da ba nata ba. Sanyin Kano, wanda da wuya ya sauka ƙasa da maki 10, bargo mai kyau da safa da toshe kafar ƙarƙashin ƙofa sun ishe shi. Mutanen Jos da na Gembu su ne ke da hujjar neman abin da ya fi haka.

Duk da haka, inda nake ganin har yanzu ba mu farka ba shi ne rufi. Mutum zai kashe miliyoyi a kan faifan sola da batir, amma kwanon da ke samansa baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, don shi ake yayi. Yana sayen wuta ne don ya kori zafin da rufinsa ya gayyato. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutane sama da 1,000, ya fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, kuma cikin abubuwan da suka biyo baya akwai shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti ko farar ƙasa. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci kyautar Pritzker ta masu zanen gine-gine a 2022, bai yar da kwano ba a makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando: ɗaga shi ya yi sama da silin na bulon ƙasa, ya bar iska tana ratsawa tsakani. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon, wanda magini Falke Barmu ya gina, ɗakin karatu. Ba sai an koma yaɓe kowace shekara ba. Farin rufi, silin mai kauri da kafar shan iska a samansa, rumfa a kan tagar yamma, da bishiya ɗaya a inda rana ke dukan bango da la'asar, duk ba sa cin ko yunit ɗaya, kuma su ne ke rage girman esi da yawan batir ɗin da mutum zai saya.

Cikas ɗin shi ne, mai gini daban, mai biyan kuɗin wuta daban. Dubban magidanta a Kano da Kaduna da Abuja 'yan haya ne. Mai gida ba shi zai kwana a ɗakin ba, don haka ya sa kwano mafi araha da silin na roba, ya karɓi kuɗin shekara. Ɗan haya kuwa ba zai yi wa rufin wani fenti ba, ba zai dasa bishiyar da kafin ta yi inuwa an ba shi notis ba. Abin da zai saya shi ne abin da zai iya ɗorawa a a-kori-kura ranar tashi: fanka mai caji, fanka mai ruwa, faifan sola biyu da batir. Shi ya sa kasuwar waɗannan kaya take ta bunƙasa, alhali gidajen hayar da ake ginawa a sababbin unguwanni har yanzu da baƙin kwano ake rufa su.